Tsufa a Kan Sitiyari: Yaushe Direban Babbar Mota Zai Sauka?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san ranar da zai ajiye aiki tun ranar da ya kama shi: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Malaman firamare da sakandare doka ta ƙara musu zuwa 65 a shekarar 2022, farfesoshi da alƙalan manyan kotuna kuwa sai sun kai 70. Amma direban tirelar da ke ɗauko siminti daga Sakkwato, ya ratsa Bungudu da Gusau da Tsafe ya nufi Funtuwa, shi babu wanda ya yanka masa rana. Babu takardar sallama, babu garatuti, babu fansho. Yana tuƙi har sai jiki ya ƙi, ko mai mota ya karɓe makulli, ko hanya ta yi masa hukuncin da ba ya da ɗaukaka ƙara.

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Lalan a Gusau da hantsi, ko a bakin titin Tsafe inda manyan motoci ke jeruwa, zai ga fuskoki iri biyu a saman kujerar direba. Akwai samari masu jini a jika, waɗanda jiya-jiya suke yaran mota. Akwai kuma dattawa masu furfura, wasu da tabarau, wasu kuma suna ƙanƙance ido ba tabarau, mutanen da suka haura sittin amma har yanzu su ke jan tan talatin ko arba'in zuwa Legas da Anaca. Tambayar da iyalansu ke yi a ɓoye, masu motoci ke yi a fili, su kansu kuma suke yi wa zuciyarsu cikin dare ita ce: har zuwa yaushe?

Ra'ayina shi ne amsar ba ta cikin lissafin shekaru. Tana cikin ido da jini da ƙashin baya, abubuwan da ake iya aunawa da kuɗi kaɗan. Kuma auna su kaɗai ba zai wadatar ba muddin mutumin da aka ce ya sauka ba shi da inda zai sa ƙafa.

Yadda Gusau ta zama garin direbobi

Layin dogo daga Zariya ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, kuma bai taɓa kaiwa Sakkwato ba. Wannan ne ya sa Gusau ta zama matattarar kayan lardin Sakkwato baki ɗaya. Gyaɗa da auduga da fatu daga Talatar Mafara da Anka da Gummi da Bungudu da Tsafe, dole a kawo su bakin jirgi, da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motocin bodin katako. Injin gurzar auduga, masaƙar Zamfara, kamfanin tatsar mai, duk sun zauna a garin saboda wannan dalili. Da jirgin ƙasa ya fara ja da baya daga shekarun 1980, kayan da yake ɗauka ba su ɓace ba, sun koma kan titi ne. Haka ma man fetur. An gina wa Gusau defo na NNPC da bututu ke shayarwa daga matatar Kaduna, amma da matatar da bututun suka daina aiki yadda ya kamata, sai ya zama kusan duk litar da ake sha a Zamfara a bayan tanka take zuwa daga kudu, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka.

Wanda aka haifa wajen 1960, ya shiga karen mota yana ɗan sha biyar a zamanin da kuɗin mai ya cika ƙasa, yau ya kai 65. Ya shiga sana'ar lokacin da direba mutum ne da ake nunawa da yatsa a gari. Shi ke kawo labarin Ikko da Kurmi, shi ake ba saƙo da amanar kuɗi, har Mamman Shata ya tsaya ya yi wa irinsu waƙa, kamar wadda ya yi wa Bawa Direba. Ya koyi aikin ta hanyar da aka sani: wanke mota, sa weji a taya idan an tsaya a gangare, ɗaura tamfol, kwana a ƙarƙashin mota, shekaru ana aikensa kafin ubangidansa ya yarda ya taɓa giya. Bai je makarantar koyon tuƙi ba, kuma sau da yawa bai je boko ba. Wannan tsarar ce yanzu tsufa ya cim ma, gaba ɗayanta, a lokacin da hanyar da suka sani ta sauya musu fuska.

Abin da shekaru ke ci

Ido ne farkon tafiya, kuma a ɓoye yake tafiya. Tun daga shekara arba'in ganin kusa ke raguwa, amma wannan da sauƙi, tabarau na magance shi. Abin da ya fi shafar direba shi ne ganin dare. Idon dattijo yana buƙatar haske fiye da na saurayi kafin ya rarrabe abu, kuma idan fitilar motar da ke tahowa ta dalle shi, yana daɗewa kafin ganinsa ya dawo. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na duhun ido sun kai mita hamsin, a kan titin da babu zanen layi, babu fitilar gefe, ga ramuka, ga motar da ta lalace an bar ta a tsakiyar hanya da 'yan ganyaye a matsayin alama.

Sai yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa cikin 'yan Najeriya da suka kai shekara 40, kusan huɗu cikin ɗari makafi ne, kuma yana ce babban dalili, sai hawan jinin ido a bayanta. Yana tana zuwa sannu a hankali, mutum ya riƙa ganin kamar hazo, fitilu su riƙa watsewa a idonsa da dare. Abin farin ciki shi ne aikinta gajere ne, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa gani tangaran. Direba nawa ne ya bar aiki, ko ya ci gaba da tuƙi cikin hazo, alhali aikin da bai kai awa ɗaya ba zai ba shi wasu shekaru biyar ko goma a kan sitiyari? Wannan asara ce da ke damuna ƙwarai, domin tana da magani.

Hawan jinin ido ya fi mugunta. Ba ya ciwo, ba ya ja, kuma gefen gani yake fara ci ya bar tsakiya. Mai shi zai karanta lambar motar da ke gabansa, ya rantse idonsa lafiya lau, alhali ba ya ganin ɗan acaɓan da ke shigowa ta gefe ko yaron da ya fito da gudu a kasuwar bakin titi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ana dai iya tsayar da shi da maganin ɗigawa idan an gano da wuri, kuma ba a gano shi sai an auna.

Bayan ido sai jini. Rayuwar direban doguwar tafiya kamar an shirya ta ne don kawo hawan jini da ciwon suga: zama wuri ɗaya awa goma ko fiye, shayi mai sukari cokali huɗu, abincin tasha mai gishiri da mai, goro da sigari don korar barci, fargabar hanya, ga barcin da ba ya cika. Hawan jini ma ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi bai sani ba, sai rana ɗaya ɓarin jiki ya shanye, kuma idan ranar ta same shi a gangaren Lakwaja da lodin shanu, ba shi kaɗai abin zai shafa ba. Ciwon suga kuma yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa, mutum ya kasa jin nauyin da yake ɗora wa birki, yana kuma ɓata ido ta ciki. Mai shan maganinsa idan ya wuni bai ci abinci ba saboda sauri, jiri na iya kwasarsa.

Ciwon baya da gwiwa da basir kuwa, waɗannan direbobi ba sa ma lissafa su cikin cuta, sun ɗauke su harajin sana'a. Girgizar mota ta shekara talatin tana zama a ƙashin baya. Tsofaffin motocin da sitiyarinsu da kulocinsu sai an sa ƙarfi suna cin kafaɗa da gwiwar hagu. Ga matsalar fitsari da ke zuwar wa maza da yawa bayan hamsin, wadda ke sa mutum ya nemi tsayawa akai-akai, a hanyar da tsayawa a daji ka iya zama ajali. Wasu saboda haka sai su rage shan ruwa, su jawo wa ƙoda wata wahalar.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Idan jiki ya fara gazawa amma ubangida na jiran mota ta isa gobe, wasu kan nemi taimakon ƙwaya, ko shayin da aka yi wa haɗi. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma tana ta kama taramol, amma bai ɓace daga tashoshi ba. An fi jingina wannan ga samari, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai dattijon da ke son ya nuna har yanzu yana iya kwana biyu bai runtsa ba, shi ma yana cikin haɗarin faɗawa, kuma zuciyar ɗan sittin ba ta ɗaukar abin da ta ɗan ashirin da biyar ke ɗauka.

Abin da shekaru ke ƙarawa

Zalunci ne a tsaya nan. Masu motoci da yawa, idan kaya masu tsada ne ko mota sabuwa, dattijo suke nema. Ba ya tsere da kowa. Ya san sautin injinsa, yana jin ƙarar da ta sauya tun kafin wani abu ya karye. Ya san inda ake sauke giya kafin gangare, ba ya dogara da birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Tayarsa na daɗewa, man gas na isarsa. Ya san wane bakanike ne a Tafa ko Mararrabar Jos ko Jebba ba zai cuce shi ba. Ƙa'idar hanya ta ce tirela da tanka kada su wuce kilomita 50 a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 2017. Dattijon direba sau da yawa ba ya buƙatar na'urar, gawarwakin abokan da ya gani a gefen titi sun riga sun koya masa.

A Zamfara wannan sanin ya ƙara daraja, domin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da 'yan bindiga suka fi tarewa. Sunayen Yankara da Wanzamai da Kucheri da Magazu da Tazame da Kwatarkwashi, waɗanda a da wuraren sayen rake da shan ruwa ne, yanzu a labarin tare hanya aka fi jin su. A watan Agustan 2023 an sace matasa masu shirin yi wa ƙasa hidima da suka taso daga Akwa Ibom za su Sakkwato, tare da direban motarsu, a kan hanyar Zamfara. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta hana motoci wucewa ta iyakar Yankara da ta Bimasa daga ƙarfe 7 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya daɗe a hanyar yana karanta ta. Idan ya ga an ɗauki lokaci babu motar da ta taho daga gaba, ya san ya tsaya. Ya san ƙauyen da bai kamata ya yi shiru a wannan sa'ar ba. Yana da lambobin abokan aiki a kowane zango, kuma ba ya jin kunyar juyawa.

To amma wannan hanyar ita ce kuma ta fi tsananta wa mai shekaru. Idan aka tare hanya, saurayi zai diro daga mota ya faɗa daji. Dattijo mai ciwon gwiwa kafin ya sauko daga wannan tsawo an cim masa. Idan aka tafi da shi, tafiyar ƙafa ce ta awanni cikin daji, ba maganin hawan jini, ba na suga. Dokar hana tafiyar dare ta taimaki idonsa ta wani gefen, amma ta matse tafiyar cikin rana, kowa na rububin ya fita daga yankin kafin magariba, motoci su cunkushe, ga aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye da ke tilasta a haɗu a hannu ɗaya a wasu wuraren.

Me ya hana shi sauka?

A nan gizo ke saƙa. Yawancin dattawan nan sun fi kowa sanin halin da jikinsu ke ciki. Ba taurin kai ke riƙe su ba, lissafi ne.

Direban babbar mota a arewa galibi ba ma'aikacin kamfani ba ne. Wani Alhaji ne ke da mota ɗaya ko uku, ya ba shi bisa amana, babu takarda. Albashin wata, inda akwai shi, ɗan kaɗan ne. Abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin hanya da rarar man gas da ɗan lodin da ya samu a dawowa. Ma'ana, ranar da taya ta daina juyawa, ranar tukunya ta daina tafasa. Idan mota ta kwanta a gareji wata biyu, shi ma ya kwanta. Idan ya yi jinya, sai abin da ubangida ya ga dama. Akwai masu motoci na kirki da ke riƙe tsohon direbansu har mutuwa, su kai shi Makka, su aurar masa da 'ya'ya, kuma sun cancanci yabo. Sai dai wannan kyautatawa ce, ba haƙƙi ba, kuma takan mutu tare da mai ita idan magada suka raba motoci.

A da akwai ƙofofi uku da direba ke fita ta cikinsu. Ta farko ya tara ya sayi tasa motar, ko ubangida ya sayar masa da tsohuwa ya riƙa biya a hankali, ya ɗora yaronsa a kai shi ya zauna gida. Faɗuwar naira, musamman daga 2023, ta kai farashin kan tirela ko da na hannu ne inda direba ba zai taɓa hangowa ba, taya da kayan gyara ma haka. Ta biyu ya samu kujera a tasha, ya zama ɗan kamasho ko jami'in ƙungiya. Kujerun kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma siyasa ta shiga ciki.

Ta uku, wadda ta fi kowacce faɗi, ita ce gona. Bazamfare ko ya kai ina, yana da gonar gado a ƙauye, kuma kusan kowane direba burinsa ya koma ya noma dawa da masara da waken suya, ya ajiye 'yan shanu. Wannan ƙofar ce rashin tsaro ya rufe. A yankuna da dama na Tsafe da Bungudu da kudancin Gusau, gonar da ta yi nisa da gari ba ta nomuwa, ko kuma sai an biya 'yan bindiga kuɗi kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Shanun da mutum ya tara da guminsa, waɗanda su ne fanshonsa, dare ɗaya ake kore su. Ƙari a kan haka, 'yan'uwan da aka taso daga ƙauye sun dawo gidansa na Tudun Wada ko Damba ko cikin garin Tsafe, bakin da yake ciyarwa ya ninka. Wasu kuma sun sayar da fili ko gida sun biya kuɗin fansar ɗan'uwa. Mutumin da ya yi niyyar sauka yana da 58, sai ga shi da 66 yana neman lodi.

Akwai wani abu kuma da ke faruwa a kasuwar aikin. Manyan kamfanonin siminti da na mai suna da dokokinsu na ɗaukar direba: takardu, gwajin asibiti, horo, iyakar shekaru. A 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin fito da motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don rarraba mai da kanta, lamarin da ya jawo takaddama da ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG a watan Satumba. Irin waɗannan sababbin motoci masu sanyaya ɗaki da sitiyari mai laushi, waɗanda su ne suka fi dacewa da jikin dattijo, samari masu takarda ne ke samunsu. Shi kuma da aka tsallake sai ya gangara wajen mai mota ɗaya, ya karɓi tsohuwar DAF ko Mack da ta sha duniya, mai birkin da sai an yi addu'a. Mafi raunin jiki ya haɗu da mafi raunin mota. Idan haɗari ya faru, a ce tsufa ne.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Amurka ba ta yanka wa direban babbar mota shekarun daina aiki ba, amma dole likita ya duba shi aƙalla duk shekara biyu, kuma ba ya wuce awa 11 yana tuƙi kafin dogon hutu. A Birtaniya gwajin likita duk shekara biyar ne daga 45, idan mutum ya kai 65 kuma ya koma duk shekara. Tarayyar Turai ta ce awa tara a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Akasarinsu jiki suke aunawa, suna matso da gwajin kusa-kusa gwargwadon yadda shekaru ke ƙaruwa. Amma direban can idan ya tsufa ya faɗi gwaji galibi fansho ke jiransa, shi ya sa ba ya gudun likita.

A nan ma akwai dokoki a rubuce. Lasisin tirela rukuni ne na musamman, ana sabunta lasisi duk shekara uku ko biyar, kuma ana buƙatar gwajin ido. Tun 2007 FRSC ke da tsarin sa ido kan masu motocin haya biyar zuwa sama, tana kuma duba tankoki a defo kafin lodi. Sai dai kowa a tasha ya san ana iya sabunta lasisi ta hannun ɗan tsakiya ba tare da wani ya kalli idon mai shi da kyau ba. Shekara biyar kuma ta yi tsawo ga ɗan sittin da biyar, yanar ido na iya rufe masa gani a cikin rabin wannan.

Sauka mataki-mataki

Ba na goyon bayan a sa doka a ce duk wanda ya kai 60 ko 65 ya ajiye makulli. Ba za a bi ta ba, domin da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma za ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a shingen hanya. Za ta kori masu lafiya, ta bar ɗan arba'in da biyar mai hawan jinin ido yana tuƙi.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne a kai gwaji inda direbobi suke. Auna jini da suga da ido ba ya buƙatar gini, tebur da ma'aikatan lafiya biyu sun isa. Gusau tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, Tsafe da Bungudu suna da manyan asibitoci, Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa ga aikin da ya fi ƙarfin gida. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG suna karɓar kuɗi a kan kowane lodi, suna da rajistar mutanensu, kuma maganarsu ta fi ta jami'i shiga kunnen direba. Idan suka ware rana ɗaya duk wata uku, suka ce wanda ya haura hamsin ba ya lodi sai da katin gwajin shekara, za a bi. Sharaɗi ɗaya ne: gwajin ya zo da magani a hannu. Wanda aka samu da yana a haɗa shi da inda za a cire ta, wanda jininsa ya hau a ɗora shi kan magani ya koma aiki. Idan direba ya fahimci cewa katin kora ne, ba zai zo ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Sannan saukar kanta ba sai ta zama faɗuwa daga sama ba. Wanda Legas ta yi masa nisa zai iya Gusau zuwa Sakkwato, ko Gusau zuwa Funtuwa da Zariya, da rana, ya kwana a gidansa. Wanda tirela ta yi wa nauyi zai iya kanta ko tifa a cikin gari. Masu motoci da yawa za su amfana idan suka haɗa dattijo da saurayi a mota ɗaya, saurayi ya ja dogon zango, dattijo ya karɓa a wuraren da ke buƙatar sani. Wannan ma ba sabon abu ba ne, tsohon tsarin ubangida da yaronsa ne, sai dai a biya su duka biyun. Kuma yanzu da samari ke hawa manyan motoci bayan 'yan watanni na koyo, babu malamin da ya fi wanda ya yi shekara arba'in bai kayar da mota ba. A ba shi aikin gwada sababbin direbobi da horar da su, da albashi.

Batun ajiya shi ne mafi wuya, kuma ga waɗanda suka riga suka tsufa ya makara. Ga na bayansu bai makara ba. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a ƙarƙashin hukumar fansho ta PenCom, wanda ke ba mutum damar zuba abin da ya samu kullum ko mako-mako ko wata-wata, har ya iya cire wani kaso idan buƙata ta taso. Direbobi na cikin waɗanda aka yi shi domin su, amma a tashoshinmu kaɗan ne suka san da shi. Mutanen da suka saba da adashe ba sa buƙatar a koya musu tari, abin da suke buƙata shi ne tabbacin cewa kuɗin ba zai bi ruwa ba. Da za a cire wani ƙayyadadden abu a kan kowane lodi, mai mota ya ƙara nasa, a zuba kai tsaye a asusun da ke ɗauke da sunan direban ba na ƙungiya ba, yana ganin saƙon a wayarsa, da ɗan talatin na yau ya isa sittin da abin da ɓarawon shanu ba zai kora ba. Haka ma inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa: ƙungiya na iya shigar da mutanenta a dunƙule ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar.

Saura wanda zai faɗa wa dattijon. Mai mota yakan ji nauyi, ko kuma ya yi shiru saboda mota na kawo kuɗi. Matarsa ta ga yadda yake laluben ƙofa da dare, amma ta san daga ina cefane ke fitowa. Wanda ya fi kowa sani shi ne yaron mota, domin shi ke zaune a gefensa. Shi ya ga ranar da aka kusa hawa kan motar da ke tsaye, shi ke cewa, "Baba, akwai rami gabanka," a wurin da a da Baba ne ke nuna masa. Yaran kirki sukan rufa asiri, su ce, "Baba, kawo in karɓe ka, ka ɗan miƙe baya," su ja motar har asuba, kuɗin tafiya kuma ya shiga aljihun Baba kamar kullum. Motoci da yawa a hanyar Tsafe haka suke tafiya yau, lasisi na mutum ɗaya, ido na wani. Ya kamata shugabannin tasha su kira irin waɗannan biyun su zaunar da su, a kai Baba asibiti a duba idon, a yi wa yaron gwaji a ba shi lasisinsa, mai mota kuma ya rubuta abin da kowannensu zai riƙa samu a kowace tafiya.